Tambayi Anti: Allon bangon gidana ya zama kango, me zan riƙa zanawa a kai?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon na haɗa wasiƙu huɗu wuri ɗaya saboda duk maganarsu ɗaya ce, baƙin allo na cikin gida da yadda za a ƙawata shi.

Tambaya: Anti ina wuni, ya gida ya yara. Dan Allah shawara nake nema. Lokacin korona da aka rufe makarantu a 2020 maigidana ya sa kafinta ya kafa mana ƙaton baƙin allo a bangon falo dan yi wa yara lesin, to tun da aka koma makaranta allon na nan kamar kango ba a rubuta komai sai lambar mai ruwa da ta mai gas. Na ga a Pinterest, manhajar hotuna ta intanet, matan turawa na yi wa nasu ado duk sanda yanayi ya canza ko biki ya zo, sai na kwaikwaya na zana dusar ƙanƙara da wata kabewa mai ido da baki, ɗana ɗan shekara shida ya tsaya yana kallo ya ce Umma wannan meye. Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Me kike gani zan riƙa zanawa? Daga wata uwa, Gusau.

Amsa: 'Yar uwa lafiya lau, kuma ki gode wa yaron nan dan shi ya ba ki amsar tun kafin ki rubuto min. Matan da kika gani shekararsu suke zanawa, abin da suke gani ta taga shi suke ɗorawa a allo. Ƙanƙarar tasu ce, kabewa mai ido da baki kuma ta bikinsu ce na 31 ga Oktoba, mu kabewa a miyar taushe muka san ta. Dabarar ce abin ɗauka, hoton kuwa ki bar musu kayansu.

Mu ma ai shekararmu kashi-kashi take, bazara, damina, kaka, hunturu, kuma kowanne da kamanninsa da ko yaron goye ya sani. Bazara wajen Maris zuwa Mayu ki zana rana ƙatuwa a kusurwar sama da alli ruwan ɗorawa, reshen mangwaro ya sauko ta gefe ɗaya, ƙasa kuma randa da moɗa a kanta da mafici a jingine, duk wanda ya shigo falon zai ji zafin a jikinsa. Damina hadari ne da ɗigon ruwa da bakan gizo, sai gero ɗan ƙanƙani a layin ƙasa, kuma nan ne nake so ki yi abin da na fi so a duk harkar nan, kar ki goge geron, duk Juma'a ki sa yaro ɗaya ya ƙara masa tsawo kamar ɗan yatsa, kafin marka ta wuce a Agusta ya kai rabin allo, Satumba ya fid da kai, Oktoba ku goge shi tare ku mai da shi dammuna a jingine da rumbu, shikenan kaka ta shigo, sai ki ƙara gyaɗa da zoɓorodo da waccan kabewar amma ba ido ba baki. Hunturu shi ya fi sauƙi, ki kwantar da alli a gefensa ki shafa sama-sama ki murza da tafin hannu, hazo ya samu kenan, sai kuka tsirara ba ganye da 'yar wutar jin ɗumi a gindinta.

Akwai itace ɗaya da nake roƙonki kar ki bari ya bar allon duk shekara, gawo. Shi ne bishiyar da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, sai rani ya shigo ya yi shar, shi yasa manya ke cewa gawo ya ƙi ruwan Allah, kuma shi yasa manomi ba ya sare shi a gona dan ba ya tare wa shuka rana, ganyensa da ya zuba kuma taki ne. Ki zana gangar jikinsa sau ɗaya a gefe, ki riƙa cire masa ganye kina mayarwa akasin sauran itatuwa, za ki sha tambaya wajen yara kuma tambayar ce muke so.

To sai bukukuwa. Abin da ke rikita mutane shi ne mu kalanda biyu muke bi a lokaci guda. Yanayi yana bin rana, kwana 365, Sallah da azumi kuma suna bin wata, shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, kenan duk shekara azumi na matsowa da kamar kwana 11, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo inda ya taso. Ki tuna a 2010 cikin Agusta muka ɗauki azumi ana tsuga ruwa, a 2025 kuwa farkon Maris ne bakin shigar zafi. Dan haka ki raba allon, gefe-gefe na yanayi ne ana canza shi sau huɗu a shekara, tsakiya ta watan Musulunci ce, ƙasa kamar taƙi biyu ki bar wa ƙanana su yi jagwalgwalonsu ba mai hana su. Da kansu za su lura in wata shekara jinjirin watan azumi na zaune kusa da mangwaro, bayan wasu shekaru zai koma cikin hazo.

Na azumi ki zana dabino talatin a jere ko ƙananan fitilu, kullum bayan shan ruwa yaro ɗaya ya cike guda, na goma ki zagaye shi da ja dan ranar ne yara ke fara tashe, goman ƙarshe ki canza musu kala, na talatin kuma ki bar shi da ɗigo-ɗigo kawai sai an ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, in wata ya yi nuƙusani a goge, in ya cika a cike. Kuma dan Allah ki fita da su tsakar gida bayan magariba su kalli jinjirin watan da idonsu ta yamma kafin a zana, a nan ƙasarmu yawanci kamar 'yar ƙwarya yake a karkace bakinsa na kallon sama, ba a tsaye ƙiƙam kamar na jikin katin gaisuwa ba. Ƙaramar Sallah laimar sarki da algaita da tambari sun isa su tuna musu Hawan Daushe, babbar Sallah Ka'aba da dutsen Arfa, watan cika-ciki ƙaton akushi, Maulidi koren ƙubba ta masallacin Madina. Ranar 1 ga Oktoba kore fari kore da 1960 a ƙasansa, minti biyar kin gama.

Tambaya: Anti nawa allon matsalarsa in na goge rubutu sai inuwarsa ta zauna, yanzu duk ya yi fari-fari ba kyan gani. Kakata ta ce in fasa tsohon batir in shafa baƙin cikinsa kamar yadda suke yi a firamare. In yi? Daga ƙanwarki a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata a'a, ki gaida Kaka da kyau amma batir kam kar ki fasa shi a gidan da akwai yara, garin cikinsa sinadari ne mai cutarwa kuma hannun da ya taɓa allo shi ke zuwa baki. Ki sayi ƙaramin gwangwanin baƙin fentin allo a wajen masu sai da fenti, ki tabbata marar sheƙi ne dan mai sheƙi alli ba ya kama shi, ki goge allon da sanfefa mai laushi, ki shafa sau biyu kina bari na farko ya bushe, sannan ki ba shi kamar kwana uku kar kowa ya taɓa. Abin da ya jawo miki inuwar nan shi ne an yi rubutu a kan sabon fenti kai tsaye, fentin yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, rubutun farko ya shige ciki ya zauna. Maganinsa kafin ki rubuta komai ki kwantar da alli ki shafe allon gaba ɗaya daga sama har ƙasa, ki murza da busasshen tsumma, ramukan sun cike daidai wa daida kenan. Alƙalamin alli mai ruwa ɗin nan da ake yayi kuma ki fara gwada shi a kusurwa, a kan katako mai fenti sau da yawa ba ya fita duka. Da hunturu ƙura na hawa allo kullum, tsumma mai ɗan danshi sau ɗaya a sati ya isa, da damina kuma ki ajiye allinki cikin roba mai murfi dan yana shan raɓa ya riƙa karyewa.

Tambaya: Salam Anti. Ni magidanci ne kuma ni ke son abin nan ba uwargida ba, sai dai ko da'ira ban iya zanawa ba, hannuna rawa yake. Akwai dabara? Daga Maraɗi.

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara mana iyaye maza irinka. Wallahi rabin abin da kake gani ya burge ka ba da hannu sake aka yi shi ba. Da'ira faranti ne ko murfin tukunya ka ɗora ka zagaye, jinjirin wata faranti ɗaya ne ka zagaye sau biyu kana ɗan gusar da shi sai ka goge abin da ya rage. Miƙaƙƙen layi kuma ka yi irin ta magina, ka goga alli a jikin zare, yara biyu su ja shi su danne a bakin allo, ka ɗago tsakiyarsa ka saki, layi zai fito ɗoɗar. Rubutu mai kyau ka fara yi a takarda, ka shafe bayanta da alli, ka manna a allo ka bi ta kai da fensir, in ka cire za ka ga sawunsa sai ka bi. In kana son kala ta fito rangaɗau ka tsoma bakin allin a ruwa na ɗan lokaci, sanda kake zanawa zai yi kamar bai kama ba, yana bushewa sai ya haska.

Sannan adonmu na gado ai kusan duk layi ne da kusurwa da zagaye, wanda rula da haƙuri ke yi. Ka dubi aska takwas a wuyan babbar riga, ka dubi bakin faifai da zanen ƙwarya, in ka je Damagaram ka zaga unguwar Birni ka kalli fuskar tsofaffin gidaje, irinsu ne a birnin Zazzau da Kano, ka ɗauko a waya ka zo ka kwafa a gefen allonka. Dagi ma da ake jin tsoronsa ba wuya, dogayen zobba biyu ne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance sun gicciye, sai murabba'i mai tsaye a kan kusurwarsa ya ratsa su, ka zana kowanne da layi biyu, duk inda suka haɗu ka goge ɗaya da kan auduga yadda zai zama wannan ya hau wancan, na gaba kuma ya shige ƙarƙashi. Na farko zai karkace, na uku za ka kira maƙwabta su gani. Ranar 3 ga Agusta ta 'yancin kan Nijar da kuke dashen itatuwa ka zana tuta, ruwan lemo da fari da kore da 'yar ranar nan a tsakiya, kowane yaro kuma ya zana itacen da ya dasa ya rubuta sunansa a ƙasa.

Tambaya: Anti ina so in rubuta Ayatul Kursiyyu a tsakiyar allon da azumi in zagaye ta da fulawoyi, da layya kuma yarana na so a zana rago. Surukata ta ce duka biyun kar in yi. Ke me kika gani? Daga wata amarya, Zariya.

Amsa: Amarya a kan ayar ni ina bayan Hajiya. Ki tuna yadda ake yi a makarantar allo, in almajiri ya wanke allonsa ba a watsar da ruwan ko'ina, ana shanye shi ko a zuba a wuri mai tsarki da ƙafa ba ta takawa. Shi kuwa alli gari ne, tun kina rubutawa yake zuba ƙasa, yaro ya jingina ya kwashe rabin aya a bayan riga, in an tashi gogewa kuma da tsumman da ya sha dauɗa ne. In ayar kike son gani a falo ki sa a rubuta miki a takarda a saka a gilashi, ko ki nemi mai zayyana ya yi miki a allon itace irin wanda ake yi wa mai sauka, wannan ba gogewa ake ba kuma ya fi komai kyau a bango. Baƙin allon ki bar shi da gaisuwa, Barka da shan ruwa, Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana, in kin iya ajami ki rubuta da shi a ƙasan bokon yara su saba da ganinsa.

Batun rago kuwa maganar zana abu mai rai ce, malamai sun yi bayani a kanta mai tsawo kuma ni ba mai ba da fatawa ba ce, ki tambayi malamin da gidanku ke bi. Amma kar ki yi jayayya da surukarki a kan alli, akwai abin zanawa da yawa da zai ce layya ba tare da ragon ba, turke da igiya da damin harawa, tukunyar suya a kan murhu, tsire a jere jikin wuta, ga Ka'aba a sama. Ki kira Hajiya ta zauna ta faɗa wa yaran kason naman gida da na 'yan uwa da na mabuƙata, ku zana faranti uku a tsakiyar allon, su rubuta sunayen gidajen da za su kai wa a ƙarƙashin kowanne, duk gidan da aka kai sai wanda ya kai ya zo ya sa alama.