Fatalwa daban, iska daban

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun kwana kuna musu a ɗakinku na makaranta a Samaru, wani ya rantse ya ga fatalwa, wani ya ce aljani ne, kai kuma kana tambayar Goggonka ko duk abu ɗaya ne. A'a. Ku yaran yanzu kome kuka gani da dare sai ku ce fatalwa.

Fatalwa, a faɗar mutanenmu, mamaci ne ake gani bayan an binne shi. Doguwa ce, fara fat kamar mai likkafani, ba ta magana, kuma wai ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ba ta duka, ba ta shiga jikin kowa, tsoro kawai take bayarwa, sai mutum ya kwanta zazzaɓi. Amma mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da ita ba. Yakan karanto mana ƙarshen Suratul Mu'minun, inda mamaci ke roƙon a mayar da shi duniya a ce masa a'a, akwai barzahu a bayansu har ranar tashi. Wanda ya tafi ya tafi. Abin da ake gani, in ma an gani, aljani ne ya ari kamarsa. Ni ma nan na tsaya.

Kurwa kuwa ta mai rai ce. Ita ake cewa maye na kamawa, mutum ya yi ta ramewa yana sambatu, har a tilasta wa wanda ake zargi ya tsallake shi. Wannan zargi ya raba zumunci da yawa a cikin birnin nan, yawanci kuma tsohuwa marar gata ake ɗora wa. Kada bakinka ya shiga.

Masu yawan su ne iskoki, waɗanda kakarku ba ta kiran sunansu sai ta ce mutanen ɓoye. Alƙur'ani ya tabbatar da aljanu, daga wuta aka halicce su, akwai musulmi akwai kafirai. Sauran bayanin kuma na 'yan bori ne, su suka ba su gari, Jangare, da sarki da fadawa, kowa da halinsa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne, ga ado ga caca, in ya hau dokinsa sai rabon kuɗi. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da carbi. Kuturu yakan dunƙule yatsu yana korar ƙuda. Sarkin Rafi mahaukacin ƙarfi gare shi, ya yi tsalle ya faɗo da zama daɓas. Wadda aka fi tsoro Inna ce, Doguwa, ita ake jingina wa shanyewar hannu ko ƙafa. Wanda suka hau shi ne doki, mace godiya, kuma da atishawa suke sauka. Tun jihadin Shehu na 1804 malamai ke yaƙar bori, amma ina yarinya na sha jin garaya cikin dare daga bayan ganuwa.

Mazauninsu sananne ne: tsamiya, kuka, manyan rimayen nan na Zariya, tsohuwar rijiya, juji, kango, dutsen Kufena. Na ruwa su ne 'yan ruwa, da su ake tsorata ku kada ku je wanka Kubanni da damina, ko da yake ambaliya ma ta isa dalili. Shi ya sa ba a watsa ruwan zafi a tsakar gida sai da bisimilla, kada a ƙona 'ya'yansu, kuma ake kora yara ɗaki da magariba. Wannan na ƙarshe ma hadisi ne, ba camfi ba.

Dodo dai na tatsuniya ne da hana yaro kuka. Kai da kanka, kana ɗan shekara 5, ka ƙi bin mu unguwar Babban Dodo don ka zaci yana zaune can yana jiranka.

Abokin naku da ya yi gamo, ka tambaye shi ƙarfe nawa ne, kuma ko ya ci abincin dare. Ya riƙa karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta. In ka shigo gari ranar Juma'a ka taho mini da goro, zan ba ka labarin abin da kawunka ya gani a Ƙofar Gayan, wanda gari na wayewa ya zama jakin wani mai itace.