Ku Tambaya Mu Amsa: Firjin Karaban Idan An Dawo Daga Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Manchesta, bara maigidana ya sayi karaban na hannu, irin ɗakin nan da mota ke ja, muna fita da yara lokacin hutu. Bayan mun dawo a watan Satumba muka rufe shi, sai yanzu da muka buɗe wallahi firjin ya yi baƙi ƙirin da fumfuna ga wani irin wari da har labule ya kama. Ya lalace ke nan ko akwai dabara? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, bai lalace ba, rufe ƙofar da kuka yi ne ya jawo. Firji in aka kashe shi aka kulle ƙofa, ƙanƙarar da ke ciki narkewa take yi, ruwan ba shi da hanyar fita, ga ɗan ɗigon miya ko madara da ya maƙale a lungu, to fumfuna kuwa abin da take nema ke nan, danshi da duhu da abin ci. Balle Ingila da damshi ba ya ƙarewa. In kuma kin taɓa ajiye daddawa ko kifi banda a ciki, kin san sai an yi da gaske.

Ki fitar da duk wani tire da marfin da ke fita, ki wanke su daban. Cikin firjin kuma ruwa mai ɗumi da bekin soda ya isa, kamar babban cokali ɗaya a lita guda, da tsumma mai laushi. Kar ki sa bilic ko soson ƙarfe, robar cikin ba ta da ƙwari, tana kankarewa kuma tana tsagewa daga baya. Inda mutane suka fi mantawa shi ne robar bakin ƙofa, ki buɗe ninkin nata da yatsa ki bi da tsohon buroshin haƙori, nan fumfunar take ɓuya ta sake dawowa. Akwai kuma ɗan ramin da ruwa ke bi ya fita ta baya, ki tabbata bai toshe ba. Sai ki goge ya bushe ƙarau, ki bar ƙofofin a buɗe, har da ta ɗan gidan ƙanƙara. In warin ya ƙi tafiya ki ajiye gawayi a kwano a ciki na 'yan kwanaki.

Ki duba makullin ƙofar da kyau, yawancin firjin karaban, irin su Dometic da Thetford, suna da mataki na biyu da ke riƙe ƙofar a ɗan buɗe don iska ta riƙa shiga, an yi shi ne musamman don lokacin ajiya amma da yawa ba su ma san da shi ba. In naku babu ko ya karye, ki naɗe tawul ki soka a tsakani. Kafin ki gama ki gwada robar: ki sa takarda a bakin ƙofa ki rufe ki ja, in ta zare ba tare da ta ɗan riƙe ba to robar ta saki, a canza ta.

Tambaya: Malam, ni nawa motar gida ce, irin wadda ke da ɗakin kwana a cikinta, tana ajiye a ƙofar gida kuma wurin gangare ne. Nakan kunna firjin in bar shi kwana da kwanaki don kar ya "mutu", amma yanzu sanyinsa ya ragu sosai. Kuma in na sa shi a batir kafin safe batirin ya mutu. Ina matsalar? Daga wani ɗan'uwa a Jamus.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, kulawar da kake ganin kana yi masa ita ce take cutar da shi. Bari in yi bayani don wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wannan makon.

Yawancin waɗannan firjin ba irin na gida ba ne mai kwamfireso da kake jin gurnaninsa. Wannan shiru yake, ba abin da ke motsi a ciki, zafi ne yake haifar da sanyin. A bayansa akwai bututun ƙarfe a rufe ruf, cikinsa ammoniya da ruwa da iskar haidurojin. Ana dafa haɗin daga ƙasa, ammoniyar ta tashi sama ta zama tururi, ta huce ta koma ruwa, ta gangaro inda take haɗuwa da haidurojin ta sake ƙafewa, to wannan ƙafewar ce take zuƙe zafin cikin firjin. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Wanda ya tashi a ƙauye ya ga firjin kananzir a asibitin karkara, wanda ake ajiye allurar rigakafi, to shi ne dai, fitilar kananzir ce kawai aka musanya da gas ko lantarki.

To ka lura, tunda babu famfo a ciki, ruwan da kansa yake gangarowa, bututun an ɗan karkata shi daidai yadda zai zubo. In motar ta karkace sai ruwan ya taru a wuri ɗaya ya ƙi komawa, tukunyar da ake dafa haɗin a ƙasan bututun ta yi zafi fiye da kima, sinadarin da aka zuba don hana tsatsa ya daskare ya zama kamar tsakuwa a cikin bututu. Kaɗan kaɗan yake taruwa, kuma ba ya komawa. Masu ƙera shi sukan ce karkacewar kar ta wuce digiri 3 zuwa 6, ya danganta da ɓangaren. In kana tafiya a hanya ba komai don jijjiga tana motsa ruwan, matsalar sai an tsaya. Ka sayi ɗan filam irin na magina, wato abin auna karkacewa, ka ɗora a ƙasan firjin, in ƙwayar ruwan ba ta tsakiya kar ka kunna. Kuma ba ya buƙatar a bar shi a kunne don kar ya mutu, ka kashe abinka ka buɗe ƙofa.

Ka kai motar wuri mai daidai, ka jona shi a wutar gida ka ba shi awa 24 da tamomita a ciki. In ya sauko digiri 5 ko ƙasa, alhamdulillah ka tsira. In bai sauko ba, ko ka ji warin ammoniya mai hawa hanci, ko ka ga wani garin rawaya a bututun baya, to ya yi yoyo, ka kashe nan take ka buɗe tagogi, kar ka taɓa garin da hannu don guba ne, ka kira mai gyara. Za ka ji masu cewa a ciro shi a kifa shi ƙasa ya kwana, da ana yi wa na kananzir haka, wani lokaci ya ɗan farfaɗo, amma ni ban ba ka shawara ba, in bututu ya toshe kifawa ba ta narkar da shi.

Batun batir kuwa ba lalacewa ba ce. Layin batir, wato 12V, an yi shi ne don lokacin da injin mota ke aiki, ya riƙe sanyin da aka riga aka samu, ba ya sanyaya firji mai ɗumi kuma yana shan wuta sosai. Ka sanyaya shi da wutar gida ko gas tun ana gobe tafiya, ka zuba kayan da suka riga suka yi sanyi, sannan ka koma batir a hanya.

Tambaya: Namu yana aiki da lantarki amma a gas sai ya kama ya mutu, in ma ya kama wutar ja-ja take. Zan iya kwance shi da kaina? Daga wani mai karatu a Lids.

Amsa: A'a Malam, don Allah kar ka kwance. Abin da ya fi faruwa shi ne gizo-gizo ya shiga ya yi saƙa a bakin wutar ko tsatsa ta zubo daga bututun hayaƙi lokacin da karaban ɗin ke ajiye. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, in ta koma ja ko rawaya gas ɗin ba ya ƙonewa daidai, kuma abin da ke fitowa shi ne iskar nan mai kisa da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke hallaka iyali in sun kwana da janareto a ɗaki. A ɗan ƙaramin wuri kamar karaban da yara ke barci ba abin wasa ba ne. Ka rufe silinda, ka kai wa mai takardar shaidar gyaran gas, a nan Ingila akwai wuraren gyaran karaban da ƙungiyoyin masu karaban suka amince da su, kuma ka ce musu a duba firjin takanas don ba kullum yake cikin sabis na shekara ba. Ka sa na'urar gargaɗin wannan iska a ciki, ka riƙa danna ta kana gwadawa kafin kowace tafiya.

Abin da za ka iya yi da kanka shi ne ka leƙa ragar iskar nan biyu da ke jikin karaban ta waje, ka cire ganye da ƙura da gidan ƙwari, zafin bayan firjin ta nan yake fita. Akwai murfin da ake sa musu in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 8 ko lokacin ajiya, amma ka tuna ka cire in gari ya yi ɗumi, in ba haka ba firjin zai shaƙe. Sannan ka duba wane gas kake amfani da shi, butan mai shuɗiyar silinda ba ya tashi in sanyi ya kusa sifili, a hunturu sai furofan mai jar silinda. Kuma duk sanda za ka shiga gidan mai ko jirgin ruwa ka tabbata wutar gas ɗin a kashe take.