Rarrabe Ƙananan Zanzaro Masu Kama Ɗaya

Tambaya: Malam, yaya masana ke bambanta ƙananan zanzaron nan masu saka ƙwai a jikin wasu ƙwari ko cikin ƙwansu, alhali duk kamarsu ɗaya?

Amsa: Aikin sai mai haƙuri, domin wasunsu, kamar dangin Trichogramma, ba su kai milimita ɗaya ba. Akan shimfiɗa ƙwaron bisa gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa, a duba jijiyoyi da gashin fiffikensa. A wannan dangi kuwa, sai an duba al'aurar namiji kafin a tabbatar da nau'insa. Yanzu ana haɗawa da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Kuskure yana jawo asara, domin ana amfani da su wajen yaƙar ƙwarin gona, kuma da yawansu kowanne da irin ƙwaron da yake bi, kamar Anagyrus lopezi na Kudancin Amurka, wanda aka saki a Najeriya a 1981 don yaƙar ƙwaron rogo.