Tambaya da Amsa: Fankshin ya maido da sakamako, ba wanda ya duba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon rubuta manhaja da yaren C. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da na rubuta zuwa yaren kwamfuta, ta dame ni da gargaɗi, wai na yi watsi da sakamakon da wasu fankshin ke maidowa. Abokina ya ce in liƙa (void) a gabansu kawai ta yi shiru. Hakan ya yi?

Amsa: Ƙanena, dakata tukuna. Matsala biyu ce ka haɗa, kuma kowace da maganinta.

Ta farko, akwai fankshin, wato guntun manhaja da ake kira ya yi wani aiki, da ke maido da lamba alhali lambar ba ta ɗauke da wani labari. Ka leƙa ciki ka tarar kullum 0 ce, ko kuma mai kiransa bai taɓa kula ta ba. Irin wannan, shi kansa za ka gyara, ka mayar da shi void, wato wanda ba ya maido da komai. Kada ka ɗauka kwalliya ce kawai. A Linux, fankshin remove na wani babban rukunin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa na'urori, ya daɗe yana maido da int, wato lamba, amma ko kuskure aka maido, sai an cire na'urar. Masu rubuta direba da suka ga int sai su zaci kuskure zai dakatar da cirewar, su fice da wuri ba tare da sun saki abin da suka riƙe ba. Wani mai rubuta manhajar Linux, Uwe Kleine-König, ya bi ɗaruruwan direbobi ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, har aka mayar da remove void a Linux 6.11, shekarar 2024.

Matsala ta biyun, wato fankshin da sakamakonsa ke ɗauke da labari, ita ce ta fi damuna. Fankshin write yana faɗa maka adadin bayit ɗin da ya rubuta, kuma yana iya gaza abin da ka ba shi, ko ya maido da -1 in ma'adana ta cika. Ka ƙi dubawa, manhajarka ta ce wa mutum an adana, ga fayil guntu. Haka malloc, mai ware maka gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ƙwaƙwalwa ta ƙare NULL yake ba ka, wato babu komai. Waɗannan dole ka kama sakamakon ka duba da if. Dabarar abokinka ma ba ta ci a nan: in an yi wa fankshin alamar warn_unused_result, mai sa a yi gargaɗi in an ƙyale sakamako, kwamfailar GCC ba ta yin shiru don ka sa (void).

Shi kuwa printf, mai fitar da rubutu a allo, kusan kowa na ƙyale nasa sakamakon, kai ma ka ƙyale. Fankshin da ka rubuta da kanka wanda kuskurensa ke da haɗari, ka sa masa waccan alamar, ko [[nodiscard]] in C++17 kake amfani da shi.