Tambayoyinku: Abin ƙara ji na kasuwa ko na asibiti, wanne za mu saya wa Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema a kan mahaifinmu, ya haura saba'in, jinsa kullum raguwa yake, rediyo sai ya ƙure ta har maƙota su ji, in ana hira a tsakar gida sai dai ya yi shiru yana bin mu da ido, ranar Juma'a ya dawo yake cewa shi fa bai gane huɗubar ba. Yayana ya ga ana tallan wani ɗan abu na sawa a kunne a Facebook, wai har a Sabon Gari ana samu da araha, ƙawata kuma ta ce na asibiti ne kawai na gaske amma da tsada. Wanne za mu saya? Daga wata 'yar'uwa a Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da kula da shi. Kar ku sayi ko ɗaya tukuna, ku fara kai shi a duba kunnen. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, nan za ku nufa, in kuma da hali akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Dalili kuwa, dattijai da yawa ba komai ke damunsu ba illa dattin kunne da ya daskare ya toshe hanya, ana cire shi ji ya dawo, kin ga da kun kashe kuɗi a banza. Wani kuma dodon kunnen ne ya huje ko ruwa ya taru a bayansa, wannan magani yake so ba na'ura ba.

In an duba ba a ga toshiya ba, sai a yi masa gwajin ji. Ɗaki ne shiru, a sa masa abin sauraro a kunne, a dinga sako sauti siriri da mai kauri, yana ɗaga hannu duk wanda ya ji, kowane kunne daban, a zana sakamakon a takarda. Wannan takardar ita ce tushen komai, ku adana ta. Saboda raguwar ji ta tsufa ba duka sauti take ci lokaci ɗaya ba, siraran take fara ci, irin su s da sh da f da ts, shi ya sa za ki ji dattijo yana cewa ai ina jin ana magana, ganewa ce ba na yi, kuma muryar mata da yara ta fi ba shi wahala. Abin da ya samu Baba a masallaci kenan.

To yanzu abin da ke kasuwa, gaskiya kala uku ne ba biyu ba. Akwai wanda ake tallan nan mai arha sosai, yawancinsa lasifika ce ƙarama kawai, duk abin da ya shigo sai ta ƙara masa ƙarfi, maganar jikansa da ƙarar janareta da hon ɗin adaidaita sahu duk daidai wa daida, sai kan mutum ya yi ta ciwo, abin ya dinga fito a kunne, kwana kaɗan ya cire ya jefa a aljihu ya ce ai ba sa aiki. Mafi muni ma, in ba shi da iyakar ƙara yana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Ni wannan ba na ba kowa shawararsa.

Na biyu shi ne na'urar ji ta gaske amma wadda ake saya kai tsaye a kanti ba tare da takardar likita ba. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta halatta sayar da irinta daga watan Oktoba na 2022, amma da sharaɗi, sai wanda ya kai shekara 18, kuma matsalarsa ƙarama ce ko matsakaiciya. Mutum da kansa yake saita ta, galibi da manhaja a waya, har abin sauraron nan na sawa a kunne, AirPods Pro 2 na kamfanin Apple, an amince masa ya yi wannan aiki a 2024. Tana taimako fa, ban raina ta ba, ga ma'aikaci ɗan shekara hamsin da ya iya latsa waya kuma matsalarsa ba ta yi nisa ba. Sai dai ki tambayi kanki, Baba zai zauna yana saita manhaja? In ta lalace wa za ku kai wa? Sannan a nan wurinmu mai shago zai rantse miki cewa ita ce alhali waccan lasifikar ce aka sa a kwali mai kyau.

Na uku ita ce ta asibiti, irin ta kamfanonin Phonak da Oticon da Signia. Tsadarta ba ta robar ba ce kaɗai, aikin da ke bayanta ake biya. Masanin ji zai ɗauki takardar gwajin nan ya haɗa na'urar da kwamfuta, ya ƙara ƙarfi a daidai sautin da Baba ya rasa ya bar wanda yake ji, ya sa iyaka yadda ƙara ba za ta cutar da shi ba, in ta kama a auni ramin kunnensa a yi masa marfi daidai shi, bayan 'yan makonni ku koma a sake gyarawa. Kamar tabarau ne, akwai na tebur da ake gwadawa a bakin kasuwa akwai wanda aka auna ido aka yanka. Daga yadda kika kwatanta, mutumin da rediyo sai an ƙure kuma hira ta fi ƙarfinsa, ina kyautata zaton ya wuce matakin na kanti, ni da a ce mahaifina ne, ta asibiti zan nema ko da 'yan'uwa sai mun yi karo-karo. Ku tambaye su mafi sauƙin kuɗi a cikin nasu, ba sai mai haɗuwa da waya ba, ta bayan kunne ta fi ƙarko kuma ta fi sauƙin riƙewa ga hannun dattijo.

Kafin ku biya ku tambayi maganar batir, mai lamba 13 ko 675 ana samunsa a Kano? In mai caji ce ku tuna halin wutarmu. Ya dinga cire ta kafin alwala da wanka, da daddare a goge a sa a gwangwani mai murfi saboda gumi da ƙurar hunturu. Kuma ku yi masa haƙuri, satin farko komai zai zo masa baƙo har ƙarar takalminsa, ya fara da awa kaɗan a gida yana ƙarawa. Ku kuma ku daina yi masa ihu, ku fuskance shi ya ga bakinku, ku yi magana a hankali.

Abu ɗaya da ba ya jira, kuma wannan ga kowa ne: in ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko kunne na zubar da ruwa ko jini, ko da jiri, a je asibiti a ranar, kar a tsaya ɗiga man zaitun ko ruwan albasa.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara uku ya yi sanƙarau ya warke, amma tun daga nan ko an kira shi ba ya juyowa. Zan iya saya masa irin na kantin nan? Daga wani magidanci a Gwammaja.

AMSA: A'a Malam, sam, ko a Amurkar da aka halatta ta ba a yarda a sa wa yaro ba. Sanƙarau na cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara, kuma bayansa can cikin kunnen yana iya toshewa da ƙashi cikin 'yan watanni, wanda hakan ke wahalar da aikin dashen na'urar ji in ita ake buƙata. Ga shi kuma shekarun koyon magana yake ciki. Ka kai shi sashen kunne cikin satin nan, ka gaya musu sanƙarau ya yi da lokacin da ya yi, akwai gwajin da ake yi wa ƙananan yara suna barci ba sai sun amsa ba. Allah Ya ba shi lafiya.