Amsa kan Jamusawan da suka yi noma a Kudancin Ostareliya

Malam, ka tambayi yadda za ka bi asalin dangin surukinka, waɗanda aka ce Jamusawa ne manoma da suka zauna kusa da Adelaide, babban birnin Kudancin Ostareliya. Mai yiwuwa suna cikin mabiya ɗarikar Luther da suka bar Prussia, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, a 1838 tare da limaminsu August Kavel, domin Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya tilasta haɗe majami'u, su kuwa suka ƙi. Waɗanda suka zo a jirgin ruwa Zebra ne suka kafa garin Hahndorf a 1839, wasu kuma suka zauna a kwarin Barossa, inda suka noma alkama da inabi.

A ganina, ka fara da rajistar baftisma da ta aure da ke ma'ajiyar tarihin Lutheran a Adelaide, ko da yake da tsohon rubutun Jamusanci aka yi su. Ka kuma kula da sunayen garuruwa, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an canza da yawa, har Hahndorf ta zama Ambleside zuwa 1935. Ƙauyen da Kavel ya yi limanci a Prussia, Klemzig, yanzu yana cikin Poland da sunan Klępsk.