Tambaya da Amsa: Sabar da ke ɓacewa idan aka bar ta shiru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A ofishinmu muna da kwamfutoci bakwai da sabobi biyu, ɗaya mai Windows, ɗaya mai Linux. Idan aka jima ba a taɓa sabobin ba, musamman da safe, sai a neme su a rasa, alhali a kunne suke. Amma da zarar na zauna gaban sabar na yi ping (ɗan saƙon gwaji don a ga ko za a amsa) zuwa rauta, wato na'urar da ke haɗa mu da intanet, sai komai ya dawo. Na canza wayar kebul har sau biyu. Ko sabon suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa, zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka tukuna, ɗan'uwa. Ai ka riga ka faɗi inda gizo ke saƙa: sabar tana dawowa idan ita ta fara magana. Lalatacciyar waya ba ta warkewa don an yi ping.

Wanda nake fara zargi shi ne katin sadarwar da ke cikin sabar. Masu ƙera su sun koya musu rage shan wuta idan babu zirga-zirga, wasu kuma idan suka kwanta sai sun ga dama suke tashi. A Windows ka buɗe Device Manager, ka shiga bayanan katin, ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi don adana wuta. A nan kusa za ka ga Energy Efficient Ethernet, tsarin rage shan wuta da aka amince da shi a 2010 da lamba 802.3az. Tsari ne mai kyau a takarda, amma idan katin da suwic ba su jitu ba, layi yakan riƙa yankewa. Kashe shi. A Linux ka rubuta ethtool --show-eee da sunan katin, ka gani ko yana kunne. Ka kuma tabbatar ita kanta kwamfutar ba ta yin barci; an sha mayar da kwamfutar tebur saba a manta da wannan.

Game da suwic, gaskiya ne yana mantuwa. Yawancinsu suna goge lambar MAC (lambar shaidar katin sadarwa) ta na'urar da ta yi shiru na daƙiƙa 300. Sai dai wannan ba laifi ba ne, domin idan saƙo ya zo wa na'urar da suwic ɗin ya manta, yakan watsa shi ta kowace kafa har mai shi ya amsa. Matsalar tana zuwa ne idan mai shi bai amsa ba, ko kuma wani daban ya amsa a madadinsa.

Wannan na biyun ya taɓa cin mini kwana biyu. Na zargi waya, na zargi suwic, ashe firinta ce rauta ya bai wa adireshin IP ɗin da na sa wa sabar da hannu. Muddin sabar na aiki ita ake ji, da ta yi shiru sai firinta ta karɓe adireshin. Gwajin ba wuya: yau da komai ke lafiya, ka rubuta arp -a a ɗaya daga cikin kwamfutocin, ka kwafe lambar MAC da ke gaban adireshin sabar. Gobe da safe, kafin ka taɓa sabar, ka gwada ping daga wannan kwamfutar ka sake dubawa. Idan lambar ta canza, ka kama ɓarawonka. Sai ka fitar da adireshin sabobin daga cikin waɗanda rauta ke rabawa. Idan babu lamba ko ɗaya, mai yiwuwa katin ne ya yi barci.

Za ka ji masu cewa ka sa sabar ta riƙa yin ping kowane minti ɗaya. Yana aiki, ni ma nakan yi idan ana jiran fayil da gaggawa. Amma kada ka kunna shi kafin gwajin goben, don zai ɓoye maka shaidar da kake nema.